Damina Uku a Gonar Inna

Damina ta uku ke nan masarar Inna na kaiwa gwiwa ta tsaya cak. Ganye ya yi rawaya daga baki, ya naɗe, ya bushe, alhali gonar maƙwabci da ke jingine da tata ta yi kore shar, har tana ba mutum haushi.

Gonar nan ita ce duk abin da marigayi mijinta ya bar mata. Da ita ta raini 'ya'ya biyu, kuma ta rantse ba za a ɗora ko bulo ɗaya a kanta ba muddin tana numfashi. Ga shi gari ya matso, titi ya zo har bakin shinge, masu motoci na rage gudu suna leƙe.

'Ya'yan nata ko a tafiya ba su yi kama ba. Babbansu magini ne, kullum fuska a ɗaure, magana sai an ciro ta da ƙugiya. Auta kuwa malamar asibiti ce, baki kamar zuma. Duk farkon damina ita ke zuwa da jarkar takin ruwa, ta sa safar hannu ta fesa da kanta. "Ke dai zauna a inuwa, Innata, warinsa bai dace da ƙirjinki ba." Duk ƙarshen damina kuma ita ke ɗauko malamin gona a motarta. Ya zagaya, ya girgiza kai, ya rubuta gona ba ta yi ba, Inna ta dangwala yatsa a takardun neman tallafi. Kai, haihuwa mai rana!

Magini fa? Ba abin da yake kawowa sai tambaya.

"Inna, takardun nan da kike dangwala wa hannu, wa ya karanta miki?"

"Ƙanwarka. Ko ita ma ba ka yarda da ita ba?"

"Ki bari in gani mana."

"Kai dai tun tana goye kake jin haushinta. Tashi ka ba ni wuri."

Maƙwabci ne ya fara jefa mata tsakuwa a zuciya. Ya jingina da shinge ya ce, "Kin san doka kuwa? Gonar da ta yi damina uku a jere ba amfani, ofishin filaye na iya ba da izinin a yi gini a kanta. Ki sa ido, ba kowace cuta ke saukowa daga sama ba."

Inna ta juya maganar ta sake juyawa. To, wa gini zai amfana in ba magini ba?

Ba a yi mako ba ta kama shi. Da hantsi ta same shi tsugune a tsakiyar kunya, da shebur da baƙar leda.

"Ƙasar zan kai a gwada, Inna."

"A gwada ko gubar ta ji?"

Ihunta ya tara mutane. A gaban maƙwabta, a gaban masu wucewa, ta ce Allah ya isa tsakaninta da shi. Ta ce ta sallama shi, ko gawarta ba ta yarda ya taɓa ba. Ƙaton mutum mai shekara arba'in da furfura a gemu ya durƙusa yana kuka, ta tofar da yawu ta juya masa baya. Abin ya yi mata ciwo, ba ƙarya, ta kwana uku abinci bai wuce maƙogwaronta ba. Auta ce ta zauna tana matsa mata ƙafa. "Ki yi haƙuri, Innata. Ai kina da ni."

Wata guda ya wuce, tallafi shiru. Inna ta ce zama bai gan ta ba. Ba ta so ta ɗora wa Auta wahala, yarinya na fama da marasa lafiya, sai ta zaro takarda ɗaya da aka manta a ƙarƙashin katifa ta hau mota ita kaɗai zuwa ofishin hukuma don bin sawun tallafin. A teburin farko aka duba lambar aka ce ba nan ba ne, ta hau bene, ofishin filaye.

Ta yi awa biyu a kan benci, fanka na kaɗa zafi. Da layi ya zo kanta, akawu ya kwance igiyar fayil ya lashi yatsa.

"Mama, wane tallafi? Wannan izinin gini ne, tun makon jiya ya fito. Shaguna ashirin da gidan mai. Ga yatsanki nan, tun shekarar farko kin ba da filin kyauta."

Inna ta dafa tebur. "Magini ne ko? Ɗan da na haifa da cikina."

"Magini?" Akawu ya yi dariya. "Ai shi ya hana mu sakat. Shekara biyu yana kawo ƙorafi, ba don shi ba da tuni an wuce wurin. Sai watan jiya ya zo ido jajur ya janye, wai ba shi da sauran ta cewa a gonar uwar da ta sallama shi."

Kafin ta haɗa tambaya, akawu ya dubi bayanta, ya miƙe tsaye yana washe baki.

"Yawwa! Ga ma mai filin ta iso."

Inna ta waiwaya. Auta ce tsaye a bakin ƙofa, da taswirar gini naɗe a hammata.