Wanda Aka Kora Daga Zauren Matuƙa

Kwale-kwalensa ya kife a mashigin teku kusa da Bergen, sanyin ruwan ya ƙwace masa numfashi. Shi ne shugaban zauren matuƙa kwale-kwale na intanet, mai rantsuwar cewa rigar ceto kaɗai ta wadatar. Jiya ma ya kori wani fitinanne mai ɓoyayyen suna da ya ishe su da gargaɗin sanyin ruwa.

Sai ga wata tsohuwa a nata kwale-kwalen ta keto igiyar ruwa kamar kibiya. Ta birkito nasa, ta cicciɓo shi ta mayar ciki. Bai taɓa ganin tuƙi irin nata ba.

"Kaka, daga ina Allah ya jefo ki?"

"Kama sandar tuƙinka, ɗan nan, kafin yatsunka su mutu. In mun kai gaɓa, ka mayar da ni zauren naka."