Sannu da Hutawa

Akwai wani magini a wani gari na bakin gulbi. Sunan garin ya kwanta mini, amma har yau ginin ƙasa suke yi. Yana da ƙane mai suna Nomau, wanda ya haura arba'in, gemunsa har ya soma furfura, sai dai tun yana yaro fahimtarsa a hankali take tafiya. In ka haɗa masa magana biyu, ɗaya ce za ta zauna. Da mahaifiyarsu za ta rasu ta damƙa shi a hannun maginin, shi kuwa ya riƙe amanar da hannu biyu. Ya gina masa ɗaki mai sanyi, ya ajiye masa kujera a inuwar darbejiya ta ƙofar gida, ya hana a aike shi ko nan da can, don ya taɓa ganin samari suna kwaikwayon maganarsa a kasuwa, abin bai bar ransa ba. Tsokar da ta fi kyau a miya ta Nomau ce. Duk unguwa cewa ake, ga mai riƙon zumunci.

Sai wata bazara Nomau ya fara ture kwano. Aka kai shi asibiti, aka auna jini, ba a ga komai ba. Aka karɓo rubutu ya sha. Matar maginin ta dinga yi masa ɗanwake, abin da a da yake lashe kwanonsa, ya ci loma biyu ya wanke hannu. Wando ya soma zamewa daga ƙugunsa. Tsoro ya kama maginin, yana tunanin bakin da zai yi wa mahaifiyarsu bayani da shi in sun haɗu gobe kiyama.

Ana cikin haka wata malama ta zo daga jami'a, tana bin gidaje tana binciken yadda manya masu irin lalurar Nomau ke zama cikin jama'a. Ta zauna a kan benci kusa da shi, ta gaishe shi, ta tambaye shi abin da ke faranta masa rai.

"Ɗanwake ne, Malama, da rediyo," in ji maginin.

Ta tambayi abin da ke damunsa. Maginin ya sake buɗe baki, sai ta yi murmushi ta ce, "Baba, na ji naka, Allah ya saka da alheri. Yanzu bakin Malam Nomau nake jira."

"Ai ba zai iya ba."

"Ba sauri nake ba."

Aka yi ta jira, har akuya ta zo ta shinshina jakar malamar ta wuce. Harshen maginin na ƙaiƙayi, ya danne. Can wata tsohuwa mai sayar da fura ta gifta da ƙwaryarta a ka, ta ce, "Sannu da hutawa, Nomau." Ya bi ta da ido har ta sha kwana, sannan ya juyo.

"Kin ji ko? Kullum hutawa." Ya nuna yayansa. "Shi, sannu da aiki. Mai ruwa, sannu da aiki. Ni, hutawa." Ya ɗan daɗe yana neman sauran maganar, da ya same ta sai ya ce, "Yaya, ni fa ban gaji ba."

Shekara da shekaru da wannan gaisuwar shi ma maginin yake gaishe shi duk yamma in ya dawo da laka a ƙafa, yana ganin gata yake yi masa.

Washegari ya tafi da shi inda suke sabunta yaɓen wani soro kafin damina ta sauka. Ya naɗe masa wando zuwa gwiwa, ya sa shi cikin masu tattaka ƙasa da yankakkiyar ciyawa. Kada in ƙara wa labarin gishiri, Nomau bai zama gwani ba. Yakan fita daga kwaɓin ya taka busasshiyar ƙasa, sai an jawo shi. Har wani lebura ya yi ƙara, "Kai Nomau, ƙasa ake takawa, ba ƙafata ba!" Aka fashe da dariya. Maginin ya ajiye abin da ke hannunsa zai sauko daga bango. Sai ya ji Nomau na cewa, "To ka janye ta mana!" Dariyar ta koma kan leburan. Maginin ya tsaya a inda yake, don ya gane wannan dariyar da ƙanensa ake yin ta, ba shi ake yi wa ba.

Da hantsi wani mai keke ya wuce ya ɗaga hannu, "Sannunku da aiki!" Muryar Nomau ta danne ta kowa: "Yawwa, sannu kadai!" Da rana ta take aka kawo tuwo a faranti ɗaya, ya kutsa tsakanin leburori ya sa hannu, aka yi ta gogayyar loma. Da farantin ya ƙare ya ɗaga kai ya ce, "Yaya, shi ke nan?"

To ka gani. An tambayi likita, an tambayi mai rubutu, an tambayi tukunya, maganin kuwa yana bakin wanda ba a tambaya ba, jira kawai yake a ba shi lokacin faɗa. Shi ya sa Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.