Munduwar Nuwaira

Tun da aka daina katin asibiti, kowane jariri da munduwa a hannu ake sallamo shi. Ita ke faɗin ranar rigakafi, ita ke yin ƙara idan jiki ya yi zafi.

Ta 'yata Nuwaira ta lalace ranar suna. Wani shafi ya ɓullo a wayar da munduwar ke haɗe da ita, wai a danna "Amin" a sa wa jaririya albarka. Surukata ce ke riƙe da wayar. Wa zai ƙi cewa amin a kan jikarsa? Yau shekara biyu munduwar na ihu sau talatin a yini: kin ci kyauta, 'yarki na cikin haɗari, danna nan. Na saba share ta. Makon jiya ihun na gaskiya ne, ban duba ba sai da yarinyar ta fara jijjiga.

Yau da safe na goya ta zuwa rumfar Malam Sha'aibu mai gyara, ya toshe mini saƙonnin 'yan damfara ya bar na asibiti.

"Maman Nuwaira, ba su rabuwa," ya ce. "In na toshe 'yan damfara, na toshe asibiti."

"To ya zan yi, Malam?"

"Da me mahaifiyarki ta riƙa gane zazzaɓinki?"

Na ce ya toshe. Munduwar ta yi tsit.

A hanya na sauke Nuwaira, na ɗora tafina a goshinta. Da ɗan ɗumi. Ta kamo yatsana, ta kai kan munduwar.

"Umma," ta ce da irin muryar 'yan damfarar nan mai zaƙi, "danna nan."