Telan da Ya So Ya Rage wa Kati Tsawo

Tun da ka dage sai ka lanƙwasa ƙaninka ya zauna maka a shago, alhali ransa yana gona, gyara zama in ba ka wani misali. An yi wani tela mai injin yi wa manyan riguna aiki, irin wanda kwamfuta ke sarrafawa. Kwamfutar tsohuwa ce tukuf, kuma abin da ya haɗa ta da injin wani kati ne dogo, kore, mai haƙora ruwan zinariya, wanda ake cusawa a gurbinsa jikin babban allon da ke cikinta. An daɗe da daina ƙera irin wannan kati. Idan ya lalace, injin ya zama tarin ƙarfe, tukunyar gidan tela kuma ta sauka. Ana nan, ga rigunan wani biki jibge a gabansa, sai allon ya ƙone. Tela bai damu ba, har daɗi ya ji, don dama yana jin kunyar tsohuwar idan baƙi suka shigo. Ya sayo wata mai ƙuruciya da sauri, ya buɗe cikinta, ya kawo katin zai sa. Ina! Gurbin tsohuwar baƙi ne, dogo, haƙoransa manya a warware. Na wannan kuwa farare ne, gajeru, haƙoransu ƙanana a matse kamar na mataji, sai wani guda mai ruwan ƙasa da ya ja baya shi kaɗai. Ya gwada nan, ya gwada can, ya danna har yatsunsa suka yi ja. Sai halin sana'a ya motsa, don a wurin tela duk abin da ya yi tsawo ragewa ake yi. Ya ɗauki allinsa ya shata layi a jikin katin, ya aro zarto da magagari a wurin kafintan da ke maƙwabtaka da shi.

Allah ya so shi, mutum ne da ba ya yanka sai ya sake awo. Ya biya ta wurin mai gyaran kwamfuta don a duba masa ko layin ya miƙe. Mai gyara ya ga alli, ya ga zarto, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Haba Malam tela, ai wannan ba hannun riga ba ne!" Ya zaunar da shi, ya nuna masa cewa baƙin gurbi shi ake kira ISA, shi ne dattijon, tafiyarsa a hankali. Fararen su ne PCI, daga baya suka zo, sun fi sauri, kuma hanyar da saƙo da wuta ke bi a cikinsu daban ce. Mai ruwan ƙasa shi ne AGP, ba ya karɓar kowa sai katin da ke fitar da hoto. Ko da an yanke katin ya shiga, kowane haƙori zai haɗu da wanda ba nasa ba, wuta ta bi inda saƙo ya kamata ya bi, a yi asarar kati, a yi asarar allo. Daga nan ya jawo wani buhu na tsofaffin alluna daga ƙarƙashin tebur, ya yi ta tono har ya zaro ɗaya mai baƙin gurbi. Ya goge allin da bakin rigarsa, ya ɗora katin, ya taɓa shi da babban yatsa, sai ya zauna daram, ba gardama. Aka ɗaura allon a cikin tsohuwar kwamfutar, injin ya tashi, rigunan biki suka fita a kan kari. Sabuwar kwamfutar ma ba ta yi zaman banza ba, a kanta tela ke zana fasalin aiki, tsohuwar tana ɗinkawa, shi kuma yana tsakiyarsu yana kurɓar shayinsa hankali kwance. Zarton ya koma wurin kafinta bai taɓa komai ba.

To, kai ma mayar da zarton. Ƙaninka ba tsawo ya yi ba, gurbinsa ne ba a shagonka yake ba. Hausawa sun riga sun faɗa: kowace ƙwarya da abokin burminta.