Gashin Auduga

"Ko ni ko magen nan, Tayyiba!" Dakta Hashimu ya daka wa matarsa tsawa yana karkaɗe riga. Farin gashi ya tashi kamar an farke matashin kai.

Aikin Auduga ne, magen Tayyiba mai dogon gashi. Ta taje ta, ta yi mata wanka, ta canza mata abinci, duk a banza. Gashi a kujera, gashi a darduma, har cikin miyar kuka.

Tana hawaye ta ɗauki magen daga gidansu da ke garin Bowie ta kai wa ƙawarta Radiyya a garin Laurel, bazawarar da Hashimu ke cewa ko gaisuwarta ba ya so. Ta dawo ta wanke gida da mota tas.

Ran Juma'a ya fita da baƙar shaddar da ta goge masa, bai dawo ba sai la'asar sakaliya.

"Liman ne ya ja huɗuba," ya ce, sai atishawa.

Tayyiba ta zare dogon farin gashi daga cinyarsa. Ta zaro wani.

"Sannu da ibada, Baban Aliyya. Ashe Auduga ta fara zuwa masallaci? A cinyarka ta saurari huɗubar?"