Minti Goma Sha Biyar a Tsaye

Ƙarfe tara da minti huɗu Dogo ya gama bayaninsa, hankalin Ƙaramar Manaja kuwa ya tashi.

Tun a mota ta roƙe shi ya ja zance. Amma Dogo mai rubuta manhaja ne, ko gaisuwa gutsure ta yake yi. "Jiya na gyara shafin tikiti, yau zan duba taswira, babu abin da ya tare ni." Ya ja bakinsa ya tsuke.

Su biyar ne tsaye a kan darduma, sun kewaye allon da aka jingina da bango, an lilliƙa masa ƙananan takardu masu launi. Kowace takarda aiki ɗaya ce.

Dokar taron ta Oga ce. Shekara tara yana manajan wannan manhaja ta sayar da tikitin mota, bai taɓa yarda wani ya zauna a taron safe ba. Kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da abin da zai yi yau, da abin da ya tare shi, a watse. Agogo suke ce masa a bayan ido. Da zarar magana ta ƙare yake sallamar mutane ya ja kujera, ko da minti uku aka yi.

Yau kuwa dole taron ya cika minti goma sha biyar. Jiya a minti sha ɗaya ya watse, shekaranjiya a minti tara. Baƙuwar nan mai fayil, wadda kullum take tsayawa daf da bayan Oga ba ta cewa uffan, ta tare Ƙaramar Manaja a bakin ƙofa ta faɗa mata gaskiya: yau ce ta ƙarshe. In bai cika ba za ta rubuta rahotonta, kuma rahoton ba zai yi wa kowa daɗi ba.

Mai Zane ta yi iya ƙoƙarinta. Ta yi minti biyu cur tana bayanin bambancin shuɗi da shuɗi mai duhu, har Dogo ya fara kallon rufi. Tara da minti bakwai.

Ƙaramar Manaja ta sauya ƙafa, ta sake sauyawa. Ta ƙifta wa Mai Gwaji, mai binciken kurakuran manhajar, ido.

"Oga, akwai matsala," in ji Mai Gwaji, yana kallon yatsun ƙafarsa. "Taswira tana nuna motarmu a tsakiyar kogi."

Oga ya juyo da kai a hankali. Hannunsa na hagu yana dafe da bayan kujera, na dama yana cikin aljihu. Gumi ya tsattsafo masa a goshi duk da fankar da ke juyawa. Ya daɗe yana kallon takardar taswira da ke jikin allon, sannan ya yi magana, kalma ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu.

"Wannan matsalar, ni na gyara ta. Tun bara."

Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, ta Mai Gwaji kuwa ko furen ba ta yi ba. Tara da minti tara. Oga ya fara janyo kujerar.

Ƙaramar Manaja ta dube shi. Mutumin nan shi ya ɗauke ta aiki lokacin da ko katin aiki ba ta iya rubutawa ba, shi ya koya mata yadda ake ce wa shugabanni a'a ba tare da an tashi baram-baram ba. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Amma ta san inda ke masa ciwo, kuma abin da ya rage mata ke nan.

"Oga, kafin a tashi," ta ce. "Na yanke shawarar cire muryar nan da ke karanta wa fasinja tikiti. Ɓata lokaci ce. Wanda bai iya karatu ba ya nemi mai karanta masa."

Mai Zane ta dafe ƙirji. Shekara biyu Oga ya yi yana faɗa kafin a yarda a saka muryar nan.

Kujerar ta tsaya inda take.

"Ke?" ya ce. "Ke ce za ki cire?"

"Ni ce manaja yanzu, Oga."

Nan fa aka taɓo wutsiyar damisa. Ya tuna mata tsohuwar da suka tarar a tasha ta kwana biyu da tikitin da ya wuce ba ta sani ba. Ya tuna mata direbobin da ba sa gani sai da tabarau. Ya ce bai san ya yi renon butulu ba. Kalmar ta soke ta har hawaye ya cika mata ido, amma duk sanda ya tsaya shan numfashi sai ta sake jefa masa wata, shi kuma ya sake hawa. Har ya saki kujerar ya nuna ta da yatsa, bai kuma sauke shi ba.

Ba ta ƙara duba agogo ba. Tsoro take ji.

"Minti sha bakwai," in ji baƙuwar, ta rufe fayil ɗinta tana murmushi. "Biyar daga ciki babu dafa komai."

Ƙaramar Manaja ta durƙusa a kan dardumar. "Ka yafe mini, Oga. Wallahi ba mai taɓa muryar nan."

Matar Oga ta fito daga kicin tana share ido da gefen mayafi, ta turo keken guragun da aka ɓoye bayan labule. Wata biyar ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, kuma duk lallashin da likitar gashin ƙashi, wato baƙuwar nan mai fayil, ta yi bai taɓa sa shi ya miƙe tsaye a falon nan nasa ba, sai da yaransa na ofis suka ɗauko allo suka ce masa taro ne.