Gorar Ruwa a Tsakiyar Tafki

"Kashe injin, ɗana. Nan ne."

Na kashe ina ƙunƙuni. Tun safe nake yawo da baƙi a kwalekwalena, mutanen Bagadaza da zafi ya koro zuwa ɗan garinmu na duwatsun arewa, su ci gasasshen kifi, su ɗauki hoto, su bar mana shara. Wannan tsohuwa kuwa ko kallon kifin ba ta yi ba. Jikarta na riƙe da ita, ita kuma tana auna tsinin duwatsu da yatsa, tana cewa in yi dama, in ɗan koma baya, har muka iso inda babu komai sai ruwa.

Sai ta zaro gora daga cikin mayafinta.

Na ce, "Haba Inna! Duk tafkin nan bai ishe ki ba, sai kin zo mana da guzuri?"

Jikar ta galla mini harara. Tsohuwar ta buɗe murfin.

"A ƙauyenmu duk Alhamis ake zuba wa kabari ruwa. Ƙasar kabarin 'yata ko bushewa ba ta yi ba aka datse kogin, aka kwashe mu a mota."

Ta sunkuya ta tsiyaye gorar a hankali, daga wajen kai zuwa ƙafa. Tsawon bai kai hannuna ba.

"Wannan ruwan gwamnati ne, ɗana," in ji ta. "Nawa take jira."